Ƙaramin bado da tabkin garinmu



Ni mutumin ƙasar Ajekoriya ne, kudu da Dakwaro, cikin jihar Maraɗi. Maganar da na kawo maku wanga wata ta bado ce. Na san wani zai ce: ga tsadar hatsi, ga ƙarancin ciyawa, a rasa abin rubutawa sai bado? To, ya yi haƙuri ya bi ni sannu. Maganar bado maganar tabki ce. Tabki kuwa kowa ya san abin da yake gare mu, mu da ruwan shekararmu bai cika wuce milimita 400 ba.

Bado iri biyu ne a tabkin garinmu. Akwai babba, mai ganye kamar faifai, bakin ganyen da tsage-tsage kamar haƙoran zarto, furensa fari fat. Shi da dare yake buɗewa, in hantsi ya yi sai ya rufe. Akwai kuma ƙarami. Ganyensa bai kai na babban ba, bakinsa sumul yake, in ka juya shi ka ga bayansa ja-ja da ɗige-ɗige. Furensa bai fi tafin hannun yaro ba, fari ne da ɗan shuɗi a baki, kuma da rana yake buɗewa. Babban yana son tsakiya, inda ruwa ke kai wa mutum ƙirji. Ƙaramin yana son gefe, inda ruwa ke tsayawa gwiwa ko cinya.

Wanga ƙaramin yana da wani abin mamaki. A tsakiyar ganyensa, daidai inda ganye ya haɗu da karansa, akwai wani ɗan ƙullutu mai gashi-gashi, bai kai ƙwayar wake ba. In ganye ya tsufa ya fara ruɓewa, sai ƙullutun ya fid da saiwa da ƴan ganyaye. Iska ta tura shi gefe, ya kama laka, ya zama sabon bado. Ganye ke nan ya haihu. Muna yara mai goyo muke ce masa. Wanda bai taɓa lura ba, in damana ta yi nisa ya tsinki tsohon ganye guda ya duba.

In kaka ta wuce, ruwa ya fara ja da baya, sai ganye ya bushe, tabki ya ƙafe, laka ta tsattsage. Mai wucewa da rani ba zai ce wani abu mai rai yana wurin ba. Alhali kuwa yana nan. Gindin bado, wanda yake kamar ƙaramin dankali baƙi, yana kwance cikin busasshiyar laka, zurfin ɗani ɗaya ko ƙasa da haka, yana barci kamar gaiwa. Tsabarsa ma tana nan warwatse. Wata shida, wata bakwai, rana na dukansu, bisashe na taka su. Ruwan Yuli na cika tabki, kafin sati uku sai ka ga jajayen ganye sun taso daga ƙasa. Ba wanda ya shuka, ba wanda ya nome. An ce kainuwa dashen Allah, to bado ma haka. Ku riƙe wagga maganar ta ɗani ɗaya, za mu komo kanta.

Ɗan ƙanena yana karatu a Faransa. Bara da sanyi ya kira ni ta salula, irin kiran da ake ganin juna. Ya ce: "Baba, tsaya in nuna maka wani abu, ka gaya mani ko ka san shi." Ya juya salular. Sai ga wani babban kanti, akwatunan gilashi jere cike da ruwa, fitilu a kansu, ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawowa. Ya matsa kusa da akwati guda. Na ga ganyaye cikin ruwa, kore da ja, da ɗige-ɗige kamar ƙwan zabo. Na ce: "Ɗana, wanga ai mai goyo ne." Ya yi dariya har mutanen kantin sunka waiwayo. Ya ce: "Shi ne, Baba. Ga babban ma can, jan. Yuro shida ake sayar da gindi guda."

Yuro guda sefa 656 ne. Ku yi lissafi. Jikka huɗu ke nan ba kaɗan. Gindin bado guda, wanda jakinmu ke takawa bai sani ba, ya sayi tiya biyar ta hatsi da kaka har a ba ka canji.

Bari in bayyana ma wanda bai taɓa ganin irin wanga akwati ba. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan mutane da yawa suna kiwon kifi cikin ɗaki. Ba don ci ba ne, don kallo ne, kamar yadda wani ke kiwon tantabara. Al'adar ta daɗe: tun 1853 anka buɗe ɗakin kallon kifi na farko a gidan namun daji na birnin Landan. Akwatin gilashi ne, a zuba rairai a ƙasa, a cika shi da ruwa, a sa fitila bisa, a sa wani ƙarfen lantarki mai ɗumama ruwan ya kai kamar digiri 25, don ƙasarsu da sanyi. Sai a dasa tsirran ruwa, don su ƙawata wurin, su tsabtace ruwan, kifi kuma ya sami maɓoya. Badonmu yana cikin waɗanda ake so. Sukan aza gindinsa bisa rairai, ba su binne shi duka, don kada ya ruɓe. Su ganyen ƙarƙashin ruwa suke so, mai launi. Saboda haka duk ganyen da ya miƙe zai kai sama ya shimfiɗu, sai su sa almakashi su yanke shi. Da yawansu har abin ya mutu ba su ga furensa ba. Ni dai wanga ya ba ni tausayi. Yaron ya ce mani kuma wani lokaci badon yakan zubar da ganye duka ya yi shiru, mai shi ya ce ya mutu, bayan ƴan watanni ya sake tohowa. Na ce masa ai rani ne yake tunawa.

Masana sun daɗe da sanin waɗanga tsirrai. Babban, Nymphaea lotus suke ce masa, tun 1753 anka rubuta masa wanga suna. Ƙaramin kuwa Nymphaea micrantha, wato mai ƙaramin fure. Wasu masana biyu, Guillemin da Perrottet, sunka raɗa masa sunan a 1831, daga wanda anka tsinko a Senegal. Asalinsa Afirka ta Yamma ne, ɗan ƙasa ne kamar ni da ku. Daga baya anka kai shi Ingila, anka haɗa shi da wani bado shuɗi, anka sami sabon iri mai suna Daubenyana, sunan wani malamin jami'ar Oksfod. Shi ma ya gaji goyon. Kun ga ke nan kusan shekara ɗari biyu yana yawon duniya, mu kuwa ba mu da labari.

Da na ba da wanga labari a dandali, samari sunka yi caa. Wani ya ce gobe a ɗauki kalme a tafi tabki. Wani har ya fara lissafin buhu nawa zai sayi babur. Na ce masu su zauna. Wagga kasuwa ba tamu ba ce, kuma gara su ji tun yanzu. Mutanen can ba su jiran badonmu. Suna da manyan gidajen reno a Danmak da Holan da Jamus da Singapur da Tailan. Akwai wani kamfani a Danmak, Tropica, tun 1970 ba ya aikin komi sai renon tsirran ruwa. Ƙaramin bado kuwa, tunda ganyensa ke haihuwa, wanda ya sami gindi guda ya sami gona. Ban da haka, tsiro mai rai ba ya shiga Turai sai da takardar shaidar lafiyarsa daga hukumar kare tsirrai. Ga kuɗin jirgi. Jikka huɗun nan ladar fitila ce da ɗaki da mai kanti. Wanda ya haƙe tabkin garinsu don wagga kasuwa, zai tashi ba bado ba babur.

Kuma yawo da tsirran ruwa don ado ba kullum yake ƙarewa lafiya ba. Mutanen bakin kogin Isa sun sani. Akwai wata ciyawa mai yawo bisa ruwa, mai kyakkyawan fure shuɗi, asalinta Amurka ta Kudu. Don kyan furenta anka yi ta kai ta ƙasa-ƙasa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ta bayyana a kogin cikin ƙasarmu, ta rufe ruwa, ta hana masunta jefa taru, ta tare ma jiragen ruwa hanya. Saboda haka duk wanda ya tafi wani wuri ya ga wata ciyawar ruwa ta burge shi, kada ya ɗauko ya jefa a tabkin garinsu.

Amfanin bado gare mu wani ne daban, kuma manya sun san shi.

A 1984 damana ba ta yi ba. Hatsi ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. A watan Afrilu na shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hanyar da muke samun dawa da masara ta toshe, shi ya sa har yau ake ce ma yunwar El-Buhari. Makiyayan arewa sunka gangaro daga Tarka da sauran shanun da ba su mutu ba. Maza sunka watse neman abinci. Ina da shekara goma sha biyu. Mun ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita. Mun ci jiga da yaɗiya da tafasa. Mata sun sussuke ƙarangiya don ƴar ƙwayar da ke ciki.

Tabkinmu a shekarar bai yi ko wata biyu da ruwa ba. Bado ya tsiro ya bushe bai yi ƙwallo ba. Amma kakata ta san abin da ke ƙarƙashi. Da asuba takan tashe ni, ta ce: "Maigidana, tashi ka ɗauki ƙwarya, yau ma kai za ka ci da ni." Mu tafi da ita da wasu tsofaffi, kowa da guntun ice mai tsini. Ta dubi laka, inda ta ga ɗan busasshen kara ta ce in tona nan. Kafin rana ta yi zafi mun sami rabin ƙwarya. A gida ta wanke, ta dafa, ta zubar da ruwan farko don bauri, ta sake dafawa, ta ɓare mana da ɗan gishiri. Ba shi da daɗin dankali. Amma yana zama cikin ciki, yaro ya yi barci. Haka munka yi har jar dawar taimako ta iso.

Abu guda na riƙe daga wurinta. In na tono ƙananan, sai ta karɓa ta maida rami ta take da diddige. Wani gefen ma gaba ɗaya ba ta bari a taɓa shi. Wata mata ta taɓa ce mata: "Inna, ana yunwa kina binne abinci?" Ta ce mata wanda ya cinye iri da rani, me zai shuka da damana? Ruwan 1985 na sauka, bado ya rufe wancan gefen.

A shekarar wadata kuwa ƙwallon ake ci. In fure ya faɗi, ƙwallon yakan nutse ya nuna cikin ruwa. Yara su lalubo shi da ƙafa, su fasa, su ci tsabar ɗanya. Mata su shanya ta, su surfa, su dafa kamar shinkafa ko su daka ta gari. Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen bakin kogi a Mali da na Senegal da na tabkin Cadi duk suna ci. Wani marubucin Girka mai suna Herodot, wanda ya zaga Masar fiye da shekara 2,400 da sunka wuce, ya ba da labarin mutanen bakin kogin Nilu suna shanya tsabar bado su daka su yi gurasa, su ci gindin kuma. Abincin kakata ke nan, ba bambanci.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Tabkinmu ya fara cikewa da rairai tun da daɗewa. Bayan El-Buhari, zamanin Shugaba Seyni Kunce, an yi kira ga noman rani, kowa ya nufi bakin ruwa. An yi garake, an sami kabewa da tumatir da rogo, an ci an sayar, ba mai musun alherin abin. Amma an sare bagaruwa da magarya na bakin tabki don shinge, gonaki sunka gangaro har bakin ruwa, korama ta riƙa kwaso rairai tana zubawa ciki. Bayan yunwar 2005 wani furoje ya zo da aikin yashe tabki, ana biyan mutane kuɗi da abinci. Anka haƙe gefen gabas da diga da shebur, zurfi ya fi tsayin mutum, anka kwashe ƙasar da kwanduna anka tara ta tudu can nesa. Kuɗi sunka ƙare kafin a kai gefen yamma.

Aikin ya yi amfani, in faɗi gaskiya. Da, ruwa ba ya kai ƙarshen Disamba. Yanzu ramin gabas yana riƙe ruwa har Maris a shekara mai kyau. Wata uku ke nan da bisashe ba su matsa ma rijiya ba, mata sun huta, masu tubali sun samu. Ni kaina da ruwan ramin nan na gina ɗakina.

Amma ku tuna ɗani ɗayan nan. Ƙasar sama da anka kwashe, ita ce mai gindin bado da tsabarsa. An tara ta bisa tudu, rana ta ƙone ta. Ƙasar da ta rage a ramin tsauri gare ta kamar daɓe, bakin ramin kuma a tsaye yake kamar bango, babu gefe mai ruwan gwiwa inda ƙaramin zai zauna. Yau kusan shekara ashirin, ko ganye guda bai fito a gabas ba. Damanar 2024, da ruwa ya yi yawa a jihar Maraɗi har ya yi ɓarna, tabkin ya cika ya haɗe gabas da yamma. Na tsaya bisa tudun na duba. Yamma fure fari da shuɗi kamar an shanya tufafi. Gabas ruwa ja, fili fetal.

Ba ido kaɗai ke ganin bambancin ba. Ruwan yamma, inda ganye ya rufe, ya fi sanyi, ya fi kwanciya, don saiwa ta riƙe laka kuma iska ba ta kaɗa shi. Can kirinjijiya ke sauka tana cin tsaba. Can zalɓe ke tsayawa, da ɗan tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya bisa ganye kamar bisa tabarma. Can yara ke kama burduddugi da gaiwa. In ruwa ya janye, danshin yamma ke fid da ɗanyar ciyawa wadda maruƙa da tumaki ke ci har tsakiyar sanyi. Gabas in ya ƙafe, ƙura ce kawai.

Akwai masu cewa bado gidan ciwo ne. Wagga magana ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Tsargiya, wato fitsarin jini, daga ruwan tabki ake ɗaukarta. Mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga jikin ƙaramin dodon koɗi, ta yi yawa a ciki, ta fito ta huda fatar mai wanka. Dodon koɗin kuwa yana laɓewa jikin tsirran ruwa, har da bayan ganyen bado. Wani bincike da anka yi a arewacin Senegal, anka fid da sakamakonsa a 2023, ya nuna in an cire ciyawar ƙarƙashin ruwa daga inda mutane ke shiga, ciwon yana raguwa ga ƴan lakwal. To, abin lura shi ne: daga inda mutane ke shiga. A share mashiga, wurin wanka da wanki da ɗibar ruwa. Wanga daidai ne, ni ma da ni za a yi. Amma ba sai an kashe tabki duka ba. Kuma tsutsar ba bado ya kawo ta ba, mu munka kai ta. Tun 2004 ake rabon ƙwayar maganin tsargiya a makarantun ƙasarmu. Yaro ya sha, a hana shi fitsari cikin ruwa. Kurkunu ma da tabki muke ɗaukarsa, ga shi tun 2013 an tabbatar babu shi a Nijar. Da tace ruwa da gina rijiyoyi anka kore shi, ba a cike tabki ko guda ba.

Bana labari ya zo cewa an sami kuɗin yashe gefen yamma. Maigari ya tara mutane gindin gawo bayan sallar la'asar. Ga limam, ga Arɗo da mutanensa, ga shugabar mata, ga ƴan kwamitin ƙasa na gari, wato kofo, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada don irin wagga magana. Kowa na murna, don aikin zai riƙe samari gida da rani, ba sai sun tafi bida ba.

Na nemi izini na ce: "Ranka ya daɗe, ni ba na ƙin haƙa. Roƙo uku gare ni. A bar gefe guda na yamma, taki arba'in, kada diga ta taɓa shi. Inda za a haƙa, a fara kwashe ƙasar sama, ɗani ɗaya, a aje ta daban, in an gama a maida ta a baza. Bakin ramin kuma a yi shi a kwance kamar ƙwarya, kada a yi shi tsaye kamar rijiya."

Wani saurayi ya ce: "Baba, da awon rami ake biyanmu. Kwashe ƙasa a maida ta aiki biyu ne, kuɗi ɗaya. Wa zai biya na biyun, bado?" Jama'a sunka yi dariya. Gaskiya ya faɗa. Yaron mata gare shi da ɗiya biyu, rumbunsa kuwa ba zai kai watan azumi ba. Wani dattijo ya ce shi yanzu ba a cin bado, akwai bankin cimaka, akwai mota, in yunwa ta zo buhu zai zo. Na ce: "Allah ya sa, Alhaji. A 1984 ma akwai mota."

Wanda ya taimake ni ban zata ba. Arɗo ne. Ya ce: "Ranka ya daɗe, ni ban san zancen fure ba. Amma bakin ramin gabas ya karya mani saniya biyu, don in ruwa ya ja ƙasa sai sun zame kafin su kai baki. In za a yi na yamma a kwance, ina tare da Malam." Ya ƙara da cewa taki arba'in ɗin nan in an bar shi, a bar shi ga kowa, kada baɗi wani ya kewaye shi da ƙaya ya ce garkarsa ce. Ɗan kofo ya ce haka doka ta ce, ruwan tabki na jama'a ne, kuma dokar kiwo ta 2010 ta hana a tare ma bisashe hanyar ruwa. Shugabar mata ta ce su dai a share masu mashiga, a zuba tsakuwa, sauran kuwa a bar ma jikokinsu abin lalube.

Maigari ya yi shiru, sa'an nan ya yanke. Baki a kwance, an yarda, za a gaya ma masu awo. Gefen da za a bari, ya ce taki arba'in ya yi yawa, a bar ashirin da biyar. Maida ƙasar sama kuwa, ya ce ba zai aza ma masu aiki ba. "Malam, in kana so, ka nemi masu taya ka. Ba ni hana ka, ba ni kuma tilasta kowa."

Ban sami duka ba, amma na karɓa. Na yi magana da mushen lakwal, ya ce zai ba ni manyan yara ranar da ba karatu. Tsofaffi mata huɗu sun ce za su zo su nuna mana inda za a tona, don idonsu ya fi namu. Kafin masu diga su shiga, za mu bi wurin mu tono gindin da munka samu, mu zuba cikin tsofaffin tukwane da busasshiyar laka, mu aje a inuwa inda ɓera ba ya kai. In ruwan fari ya sauka mu maida su sabon baki, inda ruwa zai tsaya gwiwa. Ɗan ƙanena da ya ji, ya ce in tuna kada a binne su da zurfi, haka mai kantin ya gaya masa. Na ce ya gaida mai kantin, kakarsa ta biyu ta riga shi faɗi.

Taki ashirin da biyar ɗin mun auna shi ni da ɗan kofo da yaron Arɗo, mun kafa turaku goma sha biyu na aduwa. Masu neman icen wuta sun tumɓuke uku. Shekaranjiya na sake kafa su, na shafa masu farar ƙasa don a gane ba na kowa ba ne. Aiki zai fara in laka ta gama tsagewa.